Bulo Biyu da Igiyar Auduga: Kayan Miƙa Jiki na Yoga Sun Ci Kuɗinsu?

Ƙunshin abu uku ne: bulo biyu da igiya faffaɗa mai zobba biyu na ƙarfe a baki ɗaya. Malamin yoga ɗan Indiya B.K.S. Iyengar ne ya yaɗa amfani da irinsu a makarantarsa da ke Pune, don mai taurin jiki ya samu abin dogarawa. Igiyar ta ci kuɗinta har da riba. Bulon kuwa sai an duba da me aka yi shi.

Amfanin igiyar yana cikin yadda tsoka take. Da an fizge ta, wasu ƙananan zaruruwan ji da ke cikinta kan aika saƙo zuwa laka, nan take ta ɗaure kanta don kada ta yage. Damuwa ma haka take yi wa wuya da kafaɗa. Shi ya sa wanda ya sunkuya yana cije haƙora, numfashi a riƙe, don ya taɓo yatsun ƙafa, da jikinsa kawai yake kokawa. Yawancin sauƙin da ake ji a makonnin farko ba tsawo tsokar ta ƙara ba, jiki ne ya daina ɗaukar miƙewar a matsayin barazana. Igiya tana ƙara wa hannu tsawo, sai a daina dagewa.

Ga yadda ake gwada ta a bayan cinya. A fara da tafiya ko motsa jiki na minti 5, don tsoka mai sanyi ba ta ba da kai. A kwanta rigingine, a rataya igiyar a tafin ƙafar dama kusa da tushen yatsu, a ɗaga ƙafar har a ji ja mai sauƙi, a tsaya nan. Kafaɗu su zauna a ƙasa, muƙamuƙi a sake. A shaƙi iska ta hanci na daƙiƙa 4, a fitar a daƙiƙa 6. Numfashi uku kenan a daƙiƙa 30. A sauke, a maimaita, ya zama daƙiƙa 60 ga kowace ƙafa, sau 2 ko 3 a mako a ƙalla. Mai son ƙari ya tura tafin ƙafarsa cikin igiyar da matsakaicin ƙarfi na daƙiƙa 5, ya saki, sannan ya jawo ƙafar kaɗan lokacin fitar da numfashi. Idan numfashin ya fara yankewa, an zarce, a koma baya.

Aibin ƙunshin shi ne yawanci igiyar mita 1.8 ake sakawa. Ga dogon mutum ta yi gajarta, sai ya ɗaga kai da kafaɗa don ya kamo ta, abin da ake gudu ke nan. Mai mita 2.4 ta fi dacewa da kusan kowa. A nemi ta auduga, don ta leda tana sulɓewa a hannu mai gumi, kuma zoben ƙarfe ya fi maƙalin roba riƙo. Wani abin da takardar bayani ba ta cika faɗa ba: kada a naɗe igiyar a tafin hannu, tana matse yatsu har su yi sanyi.

Bulon da aka saba gani santimita 23 ne a tsawo, 15 a faɗi, 10 a kauri, don haka tsayi uku yake bayarwa gwargwadon yadda aka ajiye shi. Na soso ba shi da nauyi, yana da daɗin kwanciya a kai. A sa ɗaya a kwance tsakanin allunan kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin kai, a buɗe hannuwa gefe, a yi minti 2 zuwa 3 ana numfashi a hankali. Ga mai wuni a duƙe kan kwamfuta, wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Amma in aka tsaya aka ɗora masa nauyi da hannu, lotsawa yake yi, wuyan hannu ya karkace. A nan na ɓawon itacen kok ya fi shi, don ba ya motsi, sai dai yana da tauri a baya, a shimfiɗa masa tawul.

Ja a tsakiyar tsoka shi ake nema. Zafi mai suka a ƙasan ɗuwawu inda tsokar ta kama ƙashi, ko tsikari da ke gangarowa zuwa yatsu, alamar a lanƙwasa gwiwa ne a sassauta. Mai ciwon baya da ke saukowa ƙafa, ko wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwasuwa fiye da kima, ya ga likitan gashin ƙashi kafin ya ɗauki igiyar.