Wasan Sallar da Bai Cancanci Kuɗin Tikitinsa Ba

Kamfanin da ya shirya wasan waƙa na Sallah a wani ɗakin taro cikin birnin Katsina ya ci amanar waɗanda suka biya kuɗinsu. An rubuta a jikin tikiti cewa za a fara bayan sallar isha'i, amma mawaƙin bai hau dandamali ba sai da dare ya raba, kuma ko da ya hau, faifai aka sakar masa yana motsa baki kawai. Ana cikin haka janareta ya ɗauke, aka bar mu cikin zafi muna haska juna da wayoyi.

Ina goyon bayan masu neman a mayar musu da kuɗinsu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki maras inganci damar neman gyara ko mayar da wani kaso na kuɗinsa, kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi. A Amurka ma, a Janairun 2024, mutum biyu sun maka fitacciyar mawaƙiya Madonna a kotu kan jinkirin fara wasa, ko da yake sun janye ƙarar daga baya. Wanda zai shigar da ƙorafi ya adana tikitinsa da shaidar biyan kuɗi.