Amsa ga Malam Lawal: yadda bakteriya ke kwantar da yuraniyom, hanya biyu

Malam Lawal barka da yamma. Ka tambaya a gurup ɗinmu na 'yan Daura wai da gaske ne akwai bakteriya masu cinye yuraniyom a ruwa, kuma wace hanya ta fi, tunda ga Arlit can a Nijar ana haƙarsa tun 1971. To ba cinye shi suke ba fa, kwantar da shi suke ya zama dutse, kamar yadda ake daka 'ya'yan zogale a zuba a randa laka ta kwanta, ruwa ya washe amma lakar tana nan a gindi.

Hanya ta farko ta bakteriya irin su Geobacter da Shewanella ce. Waɗannan in babu oksijin sai su yi numfashi da ƙarfe, su miƙa wa narkakken yuraniyom ilektiron biyu, cajinsa na lantarki ya sauka daga mataki na 6 zuwa na 4, wanda ba ya narkewa, ya zama baƙin ma'adinin da ake kira yuraninait. Masanin kimiyya Derek Lovley da abokan aikinsa suka nuna haka a 1991. Kuma ba a lab kawai ta tsaya ba, a garin Rifle na jihar Kolorado a Amurka an ɗura sinadarin asitet cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2002 don bakteriyar su samu abinci, cikin kwana 50 yuraniyom ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Matsalarta ita ce da zarar oksijin ko sinadarin naitiret ya sake shiga wurin, ma'adinin yana iya narkewa ya koma ruwa, aiki ya dawo baya.

Ta biyu ba ruwanta da ilektiron. Bakteriya irin Serratia suna da wani sinadari a jikinsu, enzayim, da ke sakin sinadarin fosfet, fosfet ɗin ya kama yuraniyom yadda yake a matakinsa na 6, su dunƙule su zama ma'adini dangin otunait. Lynne Macaskie ta jami'ar Birmingham a Ingila ta yi suna a wannan aikin. Shi wannan ma'adinin iska ba ta tayar da shi, amma sai an riƙa sayen fosfet ɗin da za a ciyar da bakteriyar, ruwa mai yawan kabonet yana ba shi wahala, kuma galibin gwajinsa a lab aka yi.

Ni dai a ganina, in wuri mai zurfi ne da iska ba ta kaiwa, ta farko ta fi don an gwada ta a fili. Amma ƙasa mai rairayi irin tamu ta nan arewa, wadda ruwan damina ke ratsawa da iskarsa duk shekara, hankalina ya fi kwanciya da fosfet.

Abin da ya sa na damu, yuraniyom ƙoda yake lalatawa a hankali, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 30 a lita ɗaya ta ruwan sha. Kowace aka bi cikin biyun, dole a ci gaba da auna ruwan rijiyoyin wurin shekara da shekaru.