Irin roket mai daɗewa: abin da fakiti ya alkawarta da abin da ya bayar a Damagaram

A shagunan da ke sayar da irin kayan lambu a Damagaram, akan samu wani lokaci ƙaramin fakiti da aka rubuta wa "roquette sauvage" ko "roquette vivace", wato irin ganyen roket, kuma mai shago zai gaya maka cewa ganye ne da ake shukawa sau ɗaya a yi shekaru ana yanka. Wannan alkawarin shi ne abin da ake saye da kuɗi, don haka a kansa zan auna irin, bayan na shuka shi a garkar bayan gidana ya ga ɗari, ya ga bazara, ya kuma ga damina.

Roket iri biyu ne, kuma ya kamata mai saye ya duba fakiti da kyau. Akwai na shekara ɗaya, Eruca sativa, mai faɗin ganye da fure fari-fari, wanda ke saurin girma ya yi iri ya mutu. Wanda nake magana a kansa shi ne Diplotaxis tenuifolia, mai siririn ganye mai tsaga-tsaga da fure rawaya, wanda asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kuma manoman kudancin Italiya suna noma shi da yawa domin kasuwannin Turai. Dangin kabeji ne da lansir, kuma duk wanda ya taɓa cin kwaɗon lansir da ƙuliƙuli zai gane ɗanɗanonsa tun a ganyen farko, sai dai yajin roket ya fi daɗewa a harshe, yana kuma da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Irin da ke cikin fakitin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi dubbai, saboda haka fakiti guda ya ishi gida har da maƙwabta, ko da yake kuɗinsa ya fi na irin salati. Ƙanƙantar nan ita ce wahalar farko. Idan aka binne shi da zurfi ba zai fito ba, idan kuma aka zuba ruwa da bokiti sai ya kwashe shi ya tara a lungu ɗaya na fangali. Na gauraya shi da yashi mai laushi, na yayyafa a layi, na rufe da ƙasa sama-sama, ina ban ruwa da buta mai rariya a baki safe da yamma. Ya fito da kyau cikin mako na biyu, amma tsiron yana da nawa idan aka kwatanta da salati ko alayyafo, kuma a wannan lokacin ciyawa na iya rufe shi idan ba a cire ta da hannu ba. Bayanin da ke bayan fakitin bai taimaka ba ko kaɗan, domin watannin shuka da ya nuna na manomin Faransa ne. A nan lokacinsa shi ne farkon ɗari, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da masu garake na Mirya da Gidimuni ke kama aikin noman rani.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ba ni da abin da zan ce sai yabo. Kimanin mako 6 bayan shuka aka fara yanka, ana barin kamar santimita 3 zuwa 5 a gindi, kuma duk bayan mako 2 ko 3 sai ya sake tohowa ya cika fangali. A nan ne ya fi salati nesa, domin kan salati idan an tuge shi an gama da shi, shi kuwa wannan yankan ne ma ke ƙara masa yawan ganye. Ƙasarmu ta jigawa ta karɓe shi, kuma bai nemi taki mai yawa ba, ɗan takin awaki da ya ruɓe ya wadatar. Ban ba da shawarar a cika masa takin zamani ba, saboda roket yana cikin ganyayen da ke tara sinadarin naitiret idan takin ya yi yawa, ga shi kuma ɗanye ake cin sa.

Gwajin gaskiya yana zuwa ne da bazara. Daɗewar da fakiti ke nufi ita ce shukar tana jure sanyin Turai, ganye ya mutu, saiwa ta rayu, ta sake tohowa idan gari ya yi ɗumi. Mu abin da ke kashe mana shuka shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ga kuma ƙarancin ruwan da duk mazaunin wannan gari ya sani, famfo ya yi shiru a koma sayen jarka wurin ƴan garuwa. Tun daga Maris roket ya fara miƙa kara yana fure, ganyen ya ƙanƙance ya yi tauri, yajinsa ya ƙaru har yara suka daina taɓa shi. Gindin da ke tsakiyar rana yawancinsu sun bushe. Waɗanda ke gefen katanga, inda inuwa ke sauka tun azahar, na yi musu rumfar zana, na datse karan fure, kuma sun rayu da ruwa kaɗan, domin shukar tana da doguwar saiwa da ke nitsewa ƙasa. Wannan saiwar ce kuma ta sa ba ta son dashe idan ta girma, kuma tukunya marar zurfi ba ta yi mata. Wanda zai shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi domin riƙe laima, ya riƙa ɗagawa yana dubawa saboda gara.

Damina ma ta zo da nata. Inda ruwan Agusta ya kwanta, saiwa ta ruɓe cikin ƴan kwanaki, inda na ɗaga fangali kuwa shukar ta tsira, kuma da iska ta fara sanyi sai tsofaffin gindi suka toho tun kafin sabon iri ya kai yanka. Ƙananan ƙwari masu tsalle sun huda ganyen, tsutsar kabeji ma ta leƙo, amma jiƙon ƴaƴan dogon yaro da aka daka ya rage su, sai a bar kwanaki a wanke ganyen sosai kafin a ci.

Akwai abu guda da ya kamata a kula da shi. Idan aka bar fure ya yi kwanso ya fashe, iri yana zuba ya tsiro a ko'ina, har ma a Ostireliya an lissafa wannan shuka cikin ciyayi masu ɓarna. A garkar gida hakan alheri ne idan an kiyaye: a bar gindi biyu ko uku su yi iri, a tsinke kwanson da zarar ya fara bushewa, a shanya a inuwa, a adana cikin kwalba, ba sai an koma shago baɗi ba.

Ga mai noma domin kai wa Kasuwar Dole, ban ga riba a nan ba tukuna, saboda mutane ba su san ganyen ba, kuma yana saurin yanƙwanewa bayan yanka. Ga mai ƴar garka a gida kuwa, irin ya cancanci kuɗinsa, musamman idan ana gauraya shi da salati da tumatir da albasa, ko a zuba kaɗan cikin kwaɗon zogale. Alkawarin daɗewa ya cika ne rabi: ba dukan fangali ne zai ƙetare bazara ba, amma wanda ya zaɓa masa gefen katanga mai inuwar yamma, ya ɗaga ƙasa saboda damina, ya kuma shuka a Nuwamba, zai yanki ganye daga gindi ɗaya a lokacin ɗari shekara biyu a jere.