Sharhi: Kallon Sukuwar T.J. Smith a Filin Randwick

Gaba ɗaya sukuwar ba ta wuce minti ɗaya da daƙiƙa goma, in ƙasa ta bushe. Wanda ya juya ya gaisa da na kusa da shi, kafin ya waiwayo dawakin sun sha kwana. Hukuncina a kanta shi ne ta ci kuɗin ƙofarta, amma ga wanda ya shirya idonsa tun kafin a buɗe wa dawakin ƙofofin tashi.

Ana yin ta ne a filin Randwick da ke birnin Sidni na Ostareliya, a farkon watan Afrilu, rana ɗaya da sukuwowin Doncaster Mile da Australian Derby. Nisanta mita 1200 a kan ciyawa. An fara ta a 1997, bayan rasuwar T.J. (Tommy) Smith a 1998 aka sa mata sunansa, tun 2005 kuma tana rukuni na ɗaya, wato matakin sukuwa mafi girma. Smith shi ne mai horar da dawakin da ya riƙe kambun masu horarwa na Sidni shekara 33 a jere, daga hannunsa shahararrun dawaki Tulloch da Kingston Town suka fito.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne tsarin nauyi. Ba a ƙara wa doki kaya don ya fi saura gudu, shekarunsa da jinsinsa kawai ake dubawa. Namiji mai shekara 4 zuwa sama yana ɗaukar kilo 58.5, goɗiya 56.5, 'yan shekara 3 a rage musu. Nauyin ya haɗa da mahayi da sirdi, in bai kai ba a cike da dalma a aljihun ƙyallen sirdi, a sake aunawa bayan an sauka. Saboda haka wanda ya zo na biyu ba shi da bakin cewa kaya ne suka danne shi.

Zuwa filin ba wuya, jirgin ƙasa na cikin gari layin L2 yana tsayawa a bakinsa. Da ka shiga, fara duba lambar da ke nuna bushewa ko laushin ƙasar filin. Ana auna ta daga 1 zuwa 10: 3 da 4 ƙasa ce mai kyau, 5 zuwa 7 ta yi laushi, 8 zuwa 10 ta jiƙe sharkaf. Afrilu kaka ce a Sidni, ruwa ba ya shawara, a 2015 ma sai da aka ɗage ranar daga Asabar zuwa Litinin. In ƙasa ta jiƙe, sukuwowin farko sukan tattake layin da ke jikin shingen ciki, sai ka ga mahaya suna buɗewa zuwa tsakiyar fili neman wurin da kofato zai kama. A irin wannan rana ƙofar tashi ta kusa da shingen ciki da kowa ke so takan koma tarko, doki ya maƙale a taɓo, gaba a toshe, gefe a toshe. Don haka ka kalli sukuwa biyu ko uku da suka gabace ta, ka lura ta wane layi masu ci ke bi.

Daga nan ka zagaya bayan babbar rumfa, inda ake kewayawa da dawakin kafin a hau. Nan ne wurin da ya fi ko'ina amfani, kuma nan mutane suka fi sakaci da shi. Dokin da gumi ya yi wa kumfa a wuya da tsakanin cinya, yana fizgar linzami, ya riga ya ƙona rabin ƙarfinsa. A mita 1200 babu lokacin da zai huce.

Wurin tsayuwa fa? Kowa na rububin layin ƙarshe, ni kuwa na fi son wajen alamar mita 300 zuwa 200 kafin layin. A Sidni dawaki na zagayawa ne ta hannun dama, miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe mita 410 ce, kuma akwai 'yar hawa a farkonta. Hawan nan ne ke tona asirin mai jan gaba. In mahayi ya sake shi da wuri, a nan ƙafarsa ke mutuwa, na baya su taho kamar an koro su. Nature Strip, da ya ci a 2020, 2021 da 2022, tun daga sahun gaba yake murƙushe su. Chautauqua kuwa, kilin nan da ya ci a 2015, 2016 da 2017, daga baya yake zuwa. A 2017 shi ne na ƙarshe da aka miƙe hanya, mahayinsa Tommy Berry ya ratsa da shi ta cikinsu ya ƙwace a bakin layi. A wannan sukuwar ce kuma goɗiya Black Caviar ta yi gudunta na ƙarshe a 2013, nasara ta 25 cikin fita 25.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba. Wurin tashi yana can ƙetaren fili, in babu tabarau mai hangen nesa sai dai ka dogara da babban allo, kuma rabin sukuwar a can ake yanke ta. Cunkoso na da yawa, in ba ka kama shinge da minti 20 ba, ƙeyar mutane za ka kalla. Giya da caca sun cika harabar, ko da yake ba wanda zai tilasta maka, kuma wajen kewayawa da dawakin ya fi natsuwa. Ka riƙe rigar ruwa, lema tana tare wa na baya.

Mai kallo ta intanet daga Najeriya ko Nijar ya sani Sidni na gabanmu da awa 9 zuwa 10 a lokacin, yammacinsu asubarmu ce. Ka buɗe da wuri, ka rubuta launin rigar mahayin da kake bi, don a cikin gudun ba a iya karanta lamba.