Ma'aikatan banki na Kaduna masu son tafiya MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci) waje, ku karanta kafin ku tura wa kowa ko sisi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in yi shiru, don wallahi akwai kunya a ce mutumin da ya shekara 9 yana ce wa kwastoma "Hajiya kar ki ba kowa lambar katinki ko da ya ce daga hedikwatarmu yake" shi ne aka zaunar a kujera mai juyawa, aka miƙa masa ruwan gora mai sanyi, aka yashe shi tas. To shekaranjiya wata ƙanwarmu da ke aiki a wani banki can Yakubu Gowon Way ta nuna min takardar admishan ɗin da aka ba ta, ina gani gabana ya faɗi, irin tawa ce sak har da kuskuren rubutun da ke layi na biyu. Shirun ya isa haka.

Ba zan kama suna ba, magana tana gaban hukuma kuma lauya ya ce in kama bakina ta wannan ɓangaren. Amma zan faɗi yadda suke aikin, wanda ya taɓa shiga ofishin zai gane.

Duk wanda ke aikin banki ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Taget kowane wata, mitin ɗin safiyar Litinin da ake tsige mutum gaban yaransa, shekara biyar a mataki ɗaya, ga jarabawar ƙwararru ta ICAN ko CIBN ka yi amma ba abin da ya motsa, sai kuma ka buɗe LinkedIn ka ga abokinka da kuka yi bautar ƙasa tare ya gama MBA yana aiki a manyan cibiyoyin kuɗi na ƙasa da ƙasa irin su IFC ko Afreximbank. Mutumin da ya yashe mu, wani ejan mai ofishin nema wa mutane gurbin karatu a waje, ya san wannan ciwon fiye da likita. Ofishinsa a bene yake cikin wata filaza, an jera ƙananan tutocin Ingila da Amurka da Kanada a kan tebur, bango duk hotunan mutane da rigar kammala karatu. Ina zama ya kalli katin aikina ya ce "Yallaɓai ai ku 'yan harkar kuɗi makarantun nan nemanku suke ido rufe, akwai gurbi na musamman da muke da shi, saura biyu." Saura biyu. Haka ya gaya wa ƙanwar nan tamu ma bayan wata bakwai.

Farko kuɗin fom da buɗe fayil, naira dubu 150, da risit mai hatimi. Wannan bai dame ni ba. Sai aka zo kan GMAT, jarabawar da makarantu da yawa ke nema kafin su ɗauke ka MBA, kuma nan ne nake so ku tsaya da kyau, don nan ne ni ma nake da laifi, ba zan wanke kaina ba. Na ce masa ina fita gida bakwai saura, ba na dawowa sai bayan isha'i, yaushe zan zauna karatun lissafi. Ya yi murmushi ya rage murya ya ce akwai mutanensu a ciki, in kawo fasfo da miliyan ɗaya da dubu 200, bayan sati uku sakamako zai fito da sunana. Na san ba daidai ba ne. Na sani sarai. Amma na ce wa raina ai kowa haka yake yi, na je na ci bashin kwafaretib na ofis na tura. Bayan sati uku kuwa ga takarda a WhatsApp, hotona a kai, maki 740.

Daga nan sai abu ya riƙa gudu kamar ruwa. Su suka rubuta min bayanin dalilin neman karatun, ban ma karanta shi har ƙarshe ba. Wasiƙar shaidar manaja ya ce ba sai na dami oga ba, su za su ji da ita. Ba a yi wata intabiyu ba. Sai ga imel wai wata makaranta a Ingila ta ɗauke ni har da rangwamen rabin kuɗi, amma in biya kuɗin riƙe gurbi cikin kwana biyar ko a ba wani. Asusun da aka ba ni na tura, jama'a, na wani kamfani ne a nan gida, sunan ma bai yi kama da na ofishin ba. Ni da nake ƙin amincewa da tiransfa idan harafi ɗaya ya bambanta a suna, ni ne na danna da yatsana. Matata ta ɗauki adashinta ta haɗa min, har ta gaya wa 'yan gidansu a Tudun Wada cewa da ita da yara za mu tafi, don ya rantse mana cewa bizar iyali tana cikin tsarin. Jimilla abin da ya fita daga hannuna miliyan 4 da dubu 800.

Wanda ya tona asirin wani tsohon abokin aikina ne da ya koma Legas, shi ya zauna jarabawar da kansa har sau biyu. Na tura masa takardar don in yi masa burga. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira ni, ya ce "Ɗan uwa wa ya ba ka wannan?" Ya ce tsohuwar GMAT mai maki 200 zuwa 800 an daina ta tun ƙarshen Janairun 2024, wadda ake yi yanzu makinta daga 205 ne zuwa 805, kuma kowane maki da 5 yake ƙarewa, 645, 655, 705, haka. Tawa takardar kwanan watanta tsakiyar 2024 ne amma an rubuta 740. Har da makin rubutun insha'i a jiki, alhali an cire wannan ɓangaren gaba ɗaya, yanzu kashi uku ne, lissafi da fahimtar Turanci da nazarin bayanai, kowanne minti 45. Wato ko jabun ma bai iya ba, tsohon samfuri ya ɗauko ya liƙa hotona. Ya ƙara da cewa makaranta ba ta ma kallon takardar da ka turo a WhatsApp, daga GMAC masu jarabawar ake aika mata sakamako kai tsaye ta asusunka na mba.com, ni kuwa ko asusun ba ni da shi. A cibiyar jarabawa kuma sai an duba shaidarka, an ɗauki hotonka, an ɗauki hoton jijiyoyin tafin hannunka. Ina "mutanensu na ciki" za su shiga a nan?

Na zauna a mota a bakin masallaci har aka idar da magariba ban iya fita ba.

Da na natsu sai na fara ganin abubuwan da suke gabana tun farko na runtse ido. Adireshin imel na jami'o'in Ingila galibi da ac.uk yake ƙarewa, na Amurka da edu, wanda ya zo min kuwa sunan makarantar ne aka ƙara masa wata kalma a baya. Wasiƙar shaida ba ta bi ta hannun ejan, kai za ka sa imel ɗin ogan naka a fom, makaranta ta tura masa mahaɗi shi kaɗai ya cike. Manyan makarantu irin su INSEAD da ke Faransa, London Business School, Wharton, Harvard, ba sa ɗaukar mutum ba tare da intabiyu ba, kuma zagaye-zagaye ake nema, galibi na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, kowa a shafin makarantar yake cike fom ya biya da katinsa, kuɗin fom ɗin ma bai kai dala 300 ba a yawancinsu. Babu wani gurbi da aka ware wa wani mai ofis a bene a Kaduna. Maganar iyali kuwa ita ta fi ƙona min rai, domin tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu digiri na biyu na aji, wanda MBA ke ciki, tafiya da mata da yara, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wato ranar da yake rantsuwa a gaban matata ya san ƙarya yake.

Akwai mataki na gaba da Allah ya tsare ni ban kai ba, shi ne takardar shaidar kuɗi a asusu. Suna cewa za su "ara" maka sitetimen na miliyoyi ka kai ofishin biza, ka biya su kaso. Ku da kuke banki kun fi kowa sanin cewa ana tuntuɓar banki a tabbatar. In aka kama ka da takardar bogi Ingila na iya hana ka shiga har shekara 10, kuma ka tuna kai ma'aikacin banki ne, in labarin ya kai sashen ladabtarwa aikin da kake gudu ma ya tafi.

Wani abin kuma, yana tallar Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, kamar kayan shagonsa, wai a biya dubu 300 ya sa sunanka a jeri. Chevening kyauta ake nema a intanet, suna son shekara biyu na aiki, sai ka yi alkawarin dawowa gida na shekara biyu, kuma ga masu MBA akwai iyakar abin da suke biya na kuɗin makaranta, fam dubu 22, sauran kai za ka nemo. Masu ba da bashin karatu irin su Prodigy Finance su ma kai tsaye ake nema a wurinsu bayan ka samu admishan na gaske, ba sa bukatar ɗan tsakiya. In kuma lissafin dala bai fita ba, tunda kowa ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023 zuwa yanzu, ai ga ABU Zariya nan kusa da mu suna MBA har da na nesa da za ka yi kana aikinka, ga KASU a cikin gari, ga Lagos Business School ga mai hali. Ni da na raina su ga shi yau bashin kwafaretib nake biya a kan takardar da ko ƙunshe ƙosai ba za ta yi ba tunda a waya take.

Ban ce duk masu ofishin ba da shawarar karatu ɓarayi ba ne, akwai na kirki. Na kirkin zai sa ka karatu, ya gyara maka rubutun da kai ka yi, ya ce ka biya makaranta da kanka. Kuma don Allah kar satifiket ɗin CAC da aka rataye a bango ya ruɗe ku, nasa ma yana da shi, rajistar sunan kasuwanci kawai take nunawa.

Da na koma ofishin da takardun a hannu, yarinyar da ke gaban tebur ta ce oga ya yi tafiya Abuja. Na dawo sau huɗu. Na biyar na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadin filazar ya ce "Alhaji kai ne na shida yau." Yanzu mun ji ya buɗe wani wurin da sabon suna a wata unguwar, tutocin dai su ne, ya ƙara da tallar aikin jinya a waje.

Mu bakwai muka kai ƙorafi ofishin EFCC na nan Kaduna, biyar a cikinmu ma'aikatan banki ne, kuma na san waɗanda suka fi mu asara suna nan sun yi gum saboda tsoron kar a ji a wurin aiki cewa sun nemi sayen maki. Ni ma na ji wannan tsoron, na rubuta gaskiyar abin da na yi a bayanina na sa hannu. In kana cikinsu kar ka goge hirarku ta WhatsApp, ka ajiye risit da alat ɗin tiransfa da lambar asusun da ka tura wa, ka fitar da sitetimen ɗinka na watannin. Ƙanwar tamu ta riga ta biya kuɗin fom da na GMAT, ranar Juma'a ce aka ce ta kawo na riƙe gurbi, jiya da yamma na raka ta ta ba da nata bayanin.