Ɗan kwangilar da ya gyara mana gidan gado a Yakasai

Gidanmu na Yakasai ginin ƙasa ne, kakanmu ya ɗora shi da tubali, kaurin bangon zauren ya fi kamu guda. Da auren ƙanena ya matso, muka kira wani ɗan kwangila ya ƙara mana ɗaki biyu, ya kuma gyara zauren. Aikinsa na gani a wani sabon gida a Hotoro, ya burge ni.

Tsakani da Allah, mutumin ba ya makara, ko buhun siminti ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba, tayil ɗin banɗaki kuma ya zauna ɗas. Iyakar yabon ke nan.

Zauren ne ciwona. Ya ce azara ta tsufa, ya sa leburori suka rushe rufin ɗaurin guga a wuni guda, aka kakkarye zankwaye, ya ɗora kwano. Azarar giginya ce fa, wadda gara ba ta ci. Da aka sauko da ita na ƙwanƙwasa da hannuna, garau take. Zauren da Baba ke shimfiɗa buzu ya yi ƙailula ko a zafin Afrilu, yanzu da azahar ba ya shiguwa. Baba ya koma gindin darbejiyar masallaci, bai ce mana komai ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa zafi.

Sai shafe. Wani tsohon magini a lungunmu ya ja kunnensa kada ya yaɓa siminti a bangon ƙasa, ya yi biris. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, shi ya sa magabata ke shafe da makuba. Siminti toshe ta yake yi, ba ya kuma kama jikinta. Ruwan Agusta na sauka shafen ya kumbura, ya ɓamɓaro fale-fale, ƙasar bayansa ta jiƙe sharkaf.

Sababbin ɗakunan sun cinye rabin tsakar gida, sun tare hanyar ruwa. Hajiya da bokiti take kwashewa. Da na kira shi, cewa ya yi damina ce ta yi ƙarfi bana.

Mai sabon fili da bulo zai iya ba shi aiki. Gidan ƙasa kam, a nemi maginin gargajiya. Tsohon nan da aka ƙi jin maganarsa shi ke ɓamɓare simintin yanzu, kullum kaɗan-kaɗan. Ya tambaye ni ina azarar. Da ita aka dafa abincin bikin.