Shafin Antenati da neman asalin sunan Esposito

Masu bin ƙwallon Italiya sun san sunan Esposito, ko don ɗan wasan gaban Inter, Francesco Pio, da yayyensa Sebastiano da Salvatore. Sunan ne ya fi kowane sunan iyali yawa a birnin Napoli, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da ke kan gaba a faɗin ƙasar, bayan irin su Rossi da Russo. Da wannan suna na jarraba shafin Antenati, inda hukumar adana kayan tarihi ta Italiya, da haɗin gwiwar ƙungiyar binciken asalin dangi ta FamilySearch, ta ɗora hotunan tsofaffin rajistocin haihuwa da aure da mutuwa, ba tare da karɓar ko sisi ba.

Ya kamata mai shiga ya san tun farko cewa shafin ba ya fassara ma'anar suna, hujja kawai yake ajiyewa a gabanka. Ma'anar daga Latin take, daga kalmar expositus, wato wanda aka ajiye a fili, kuma da ita aka riƙa kiran jariran da aka yasar. A gidan marayu na Annunziata da ke Napoli akwai wani akwatin katako mai juyawa a jikin bango, wanda uwa za ta sa jaririnta ciki daga waje, a juya shi ya faɗa hannun masu reno ba tare da an ga fuskarta ba. Sai a 1875 aka rufe shi. Tun a 1811 kuwa Joachim Murat, mijin ƙanwar Napoleon da ke sarautar Napoli, ya hana laƙaba wa tsintattun yara wannan suna saboda tabon da yake bar musu, sai dai a lokacin ya riga ya yi rassa, jikoki suna gadonsa kamar kowane suna.

A nan ne Antenati ya fi burge ni. Rajistocin masarautar Napoli sun faro ne daga 1809, kuma a takardar haihuwar tsintaccen yaro, a gurbin sunan uba da uwa, sai ka ga an rubuta genitori ignoti, ma'ana ba a san iyaye ba. Wani lokaci magatakarda kan bayyana tsumman da aka naɗo shi ciki, ko wata 'yar alama da aka rataya masa da fatan a gane shi wata rana. Hotunan sun fito sarai, ana iya faɗaɗa su har a ga inda tawada ta zarce.

Aikin yana buƙatar haƙuri. Ba dukan sunaye aka shigar cikin ma'ajiyar bincike ba, don haka sau da yawa dole ka san garin da shekarar, a Napoli ma har da unguwar, sannan ka bi shafi bayan shafi cikin rubutun hannu na Italiyanci. Wanda yake son taswirar yaɗuwar suna a yau ba zai same ta a nan ba.

Ga ɗalibin tarihi kuwa, shafin ya cancanci lokacinsa, musamman idan ya kwatanta da Proietti a Roma, da Innocenti a Florence, da Colombo a Milan, waɗanda su ma an sha ba tsintattun yara.